Ya shaƙe ni, fasfona da igamata suna hannunsa: ina zan nufa a Jidda?

Wasiƙar wannan makon daga Jidda ta zo, daga wata baiwar Allah 'yar asalin Kano. Mun taƙaita ta, mun kuma cire duk abin da zai sa a gane ta.

"Assalamu alaikum. Shekarata tara da aure, 'ya'yanmu uku, babbar shekararta takwas, autan yana nono. Maigidana a nan aka haife shi amma fasfon Najeriya gare shi, ni da yara igamarmu, wato takardar izinin zama a Saudiyya, a ƙarƙashinsa take. Duka ya faro tun ina da cikin fari: mari, ƙafa, wayar caja. Watan jiya ya shaƙe ni a bakin ƙofar kicin har na daina gani, kwana uku muryata ba ta fita. Fasfona da igamata da takardun yara duk suna cikin jakarsa. Ya ce ranar da na kai shi ƙara zai buga mini bizar fita ta dindindin a Absher, manhajar gwamnati ta harkokin biza da igama, ya riƙe 'ya'yansa. Sau biyu manya suna zama, sai a ce in yi haƙuri. Mahaifiyata ma a waya cewa take aure ɗan haƙuri ne. Tun da aka rushe unguwarmu maƙwabtan da na saba da su suka watse. Larabcina na cefane ne kawai. Ina zan nufa?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya yaye miki wannan ƙunci, Ya tsare ki da zuri'arki.

Daga maganar shaƙewar nan za mu fara, domin duk wasiƙarki babu abin da ya kai ta nauyi. Mari da wayar caja zalunci ne, amma hannu a wuya wani mataki ne daban. A wuya jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suke, kuma idan aka matse su mutum yana iya suma cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka. Duhun da kika gani alama ce jini ya fara yankewa daga ƙwaƙwalwarki. Tsakanin wannan da mutuwa 'yan mintuna ne. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya gano cewa macen da mijinta ko abokin zamanta ya taɓa shaƙewa, haɗarin ya kashe ta nan gaba ya ninka na sauran matan da ake duka fiye da sau bakwai. Saboda haka duk shawarar da za a ba ki daga yau, ko daga mu, ko daga malam, ko daga mahaifiya, a kan wannan ma'auni za a auna ta: shin za ta bar ki da ranki?

Ki je asibiti ko da wata guda ya wuce. Illar shaƙewa ba kullum take fitowa a fata ba, musamman a fata irin tamu mai duhu, inda shatin yatsu kan ɓace kafin gari ya waye. Daga ciki take aiki. Dishewar murya, zafin haɗiya, ciwon kai da ya ƙi tafiya, jiri, mantuwa, ɗigo-ɗigon jini a farin ido, duk likita yana bukatar jin su. Jijiyar wuyan da ta ji rauni tana iya jawo shanyewar ɓarin jiki bayan kwanaki ko makonni. Idan ya sake faruwa, Allah Ya kiyaye, kada ki jira safiya ko da kina jin kin warware, domin kumburin maƙogwaro yakan taso bayan sa'o'i, har kwana ɗaya ko biyu. Sashen gaggawa za ki nufa, wanda ake kira ɗawari. Lambar motar asibiti 997 ce.

Kuma ki gaya wa likita gaskiya. A nan mata da yawa suke rasa hujjarsu. Likita ya tambaya, mace ta sunkuyar da kai ta ce santsin banɗaki ne ya kwashe ta. Abin da ta faɗa shi za a rubuta, kuma ranar da ta tsaya gaban alƙali wannan takarda ce za ta ƙaryata ta. Ki ce mijinki ne, ki faɗi da me ya buge ki da kuma ranar. Asibitocin gwamnati suna da kwamitin kula da waɗanda aka ci zarafinsu, kuma doka ta wajabta wa ma'aikatan lafiya su sanar da hukuma. A rahoton likita akwai wani layi da ake rubuta kwanakin da rauni zai ɗauka kafin ya warke, muddatus shifa. Layin nan yana da nauyi ƙwarai: idan kwanakin suka haura 21, laifin ya shiga cikin manyan laifukan da ake tsare mutum a kansu, sai fa idan wadda aka cuta ta yafe haƙƙinta.

Mijinki ya gina barazanarsa a kan tunanin cewa ke baƙuwa ce, doka ba ta san da zamanki ba. Ba haka ba ne. Tun 2013 Saudiyya take da dokar kariya daga cutarwa, Nizamul Himaya minal Iza'i, kuma ba ta ware 'yar ƙasa daga mai igama ba. Ta haɗa da duka, da cin zarafi na kwanciya, da azabtar da zuciya, da barazanar aikata ɗayansu, har da hana iyali abin da ya wajaba na bukatun yau da kullum. Hukuncinta ɗaurin wata 1 zuwa shekara 1, ko tarar riyal 5,000 zuwa 50,000, ko a haɗa duka, kuma ana ninkawa idan mutum ya maimaita. A 2022 aka ƙara tsananta ta: idan an yi amfani da makami, ko dukan ya zubar da ciki, ko wadda aka cuta mai naƙasa ce, ɗaurin yana kaiwa shekara 5, tarar kuma riyal 300,000.

Ƙofar shiga wannan doka ita ce lambar 1919, cibiyar karɓar rahoton cin zarafi a cikin gida, ƙarƙashin ma'aikatar kula da ma'aikata da ci gaban al'umma. Kyauta ce, dare da rana, kuma doka ta hana bayyana wanda ya kai rahoto sai da yardarsa ko inda shari'a ta bukata. Idan dukan yana gudana ko kina ganin yanzu-yanzu zai auka miki, 911 za ki kira, ita ce lambar gaggawa a Jidda da Makka da Ɗa'ifa. A yankunan da ba a kai 911 ba, 999 ce lambar 'yan sanda.

Larabcin cefane ya isa a buɗe miki fayil. Ki haddace waɗannan: "Zauji yadribni", mijina yana dukana. "Khanaƙni", ya shaƙe ni. "Ana kha'ifa ala nafsi wa auladi", ina tsoron abin da zai same ni da 'ya'yana. "Abga himaya", ina neman kariya. "Abga mutarjim Hausa", ina son tafinta. Kalmar "khanaƙni" kada ki bar ta a baya, domin a kan irin bayanin da kika bayar ake auna girman haɗarin da saurin da za a zo miki da shi. Za a nemi sunanki, lambar igama, da inda kike. Jidda ba garin da ake kwatance da "bayan masallaci" ba ne, balle ke da kika koma sabuwar unguwa. Ki samo adireshin gidanku na ƙasa, unwan waɗani, wanda gajerensa haruffa huɗu ne da lambobi huɗu, ki rubuta shi a wurin da za ki gani cikin firgici. Kafin ki ajiye waya ki nemi lambar rahoton, raƙamul balag, ki rubuta. Da ita za ki riƙa bibiya, da ita kuma za ki nuna wa kotu cewa kin nemi taimako tun ranar kaza. Sannan ki goge kiran daga wayarki.

Bayan rahoto, fayil ɗin yana zuwa sashen kariya na yankinku. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a za ta kira ki ko ta nemi ganinki. Doka ta ba su ikon su kai ki asibiti, su ba ki masauki ke da yara idan zaman gidan ya zama haɗari, su kira mijin su ji ta bakinsa, su sa shi ya sa hannu a takardar alkawarin ba zai sake ba, wato ta'ahhud, su kuma miƙa lamarin ga 'yan sanda da ofishin mai gabatar da ƙara, Niyaba, idan sun ga laifi ne babba.

Ga inda abubuwa suke karkacewa, gara ki sani tun yanzu. Tsarin ya fi karkata ga sulhu da haɗa kan iyali. Mijinki a nan aka haife shi, Larabci a bakinsa yake. Zai zo da farin tobe a goge, ya yi magana a natse, ya ce saɓani ne irin na kowane gida, ya sa hannu a ta'ahhud cikin minti biyu. Ke kuma kina gefe da goyo, kina kuka, kalmomi sun ƙi haɗuwa. Idan kika yi shiru, a ranar za ku koma gida tare, kuma yanzu ya san kin kai shi ƙara. Don haka tun a kiran farko ki faɗa cewa ba ki amince a kira shi ba sai kin bar gidan, ki nemi a ji ki ke kaɗai ba a gabansa ba, kuma idan aka tambaye ki ko za ki koma, ki amsa da abin da ke zuciyarki. Takardar alkawari tana da amfaninta, domin idan ya karya ta hujja ce a kansa, amma ba ta tare hannu da ƙarfe biyun dare.

Akwai takarda ta biyu da ta fi wannan haɗari: tanazul, wato janye haƙƙi. A shari'ar duka akwai haƙƙin hukuma, akwai kuma haƙƙinki na kanki. Da zarar an tsare shi, wayarki ba za ta huta ba. Surukai, dattawan unguwa, har 'yan'uwanki daga Kano, kowa zai ce ki rufa asiri ki janye. Janyewa haƙƙinki ne idan kin ga dama, amma ki san abin da kike bayarwa: sa hannun nan yana zubar da haƙƙinki, kuma sau da yawa shi ne yake buɗe masa ƙofa a ranar. Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a kowace takardar Larabci sai wanda ba ɗan'uwansa ba ya karanta miki ita kalma-kalma.

Ba za mu ɓoye miki ɗaya gefen ba. Ɗan ƙasar waje da aka yanke wa hukuncin ɗauri ana iya korarsa daga ƙasar, kuma igamarki da ta yara a jikin tasa suke rataye. Wannan lissafi ne na gaske, ke ce za ki yi shi, kuma babu mai ikon zarginki a kan duk abin da kika zaɓa. Abin da muke so ki riƙe shi ne neman kariya ta 1919 da neman rabuwa a kotun iyali hanyoyi ne da za ki iya bi ko da ba ɗaure shi kike nema ba.

Takardun da ya ƙwace ba su kai yadda yake tsorata ki da su ba. Mai igama ko da a ƙarƙashin wani take tana iya buɗe asusun Absher nata na kanta da lambar igamarta, kuma a cikin manhajar akwai igama ta waya wadda jami'ai suke karɓa. Sharaɗin shi ne layin waya da aka yi wa rajista da sunanki da yatsanki, domin saƙon tabbatarwa can yake zuwa. Idan layin da ke hannunki da sunansa yake, ki ɗauka cewa yana iya rufe shi duk lokacin da ya so. Ki nemi naki, ki sa shi a ƙaramar waya ki ajiye wurin wadda kika yarda da ita. Daga Absher sai manhajar Nafath, wadda da ita ake shiga shafin kotuna. Idan lambar igamar ba ta kanki, ki duba katin inshorar lafiya, ko takardun asibitin haihuwa, ko fayil ɗin makarantar babbar 'yarki.

Duk ranar da jakar nan ta zauna ba ya kusa, ki ɗauki hoton kowane shafi: fasfo huɗu, igama huɗu, takardun haihuwa, katin rigakafi, da takardar aure. Ki tura su wani wuri da ba wayarki ba, ki goge, ki mayar da komai yadda kika same shi. Kada ki ɗauke asalinsu sai ranar fita, domin ɓacewar fasfo shi ne abu na farko da zai gaya masa kina shiri. Idan ma ba ki samu damar ɗaukar su ba, ki fita haka. Sashen kariya da kotu suna iya sa ya miƙa su, dokar kare yara ta 2014 ta lissafa ɓoye takardun shaidar yaro cikin nau'o'in cutarwa, kuma ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda yana ba ɗan ƙasa da ya rasa fasfo takardar tafiya ta gaggawa.

Haka za ki yi da hujjar duka. Hoton rauni a ɗauke shi da haske mai kyau, ɗaya daga nesa da fuskarki a ciki, ɗaya daga kusa da ƙwandalar riyal a gefe don a ga girmansa. A sake ɗauka washegari da jibi, domin taruwar jini ta fi fitowa bayan kwana ɗaya ko biyu. Ki riƙa rubuta rana, lokaci, abin da ya buge ki da shi, da wanda ya gani ko ya ji. Saƙonnin barazana na WhatsApp, rubutu ko murya, kada ki goge su kafin ki adana su a wani wuri da lambarsa a jiki. Dokar hujjoji da ta fara aiki a 2022 ta amince da irin wannan shaida.

Abu ɗaya kada ki kuskura: ɗora hotonsa ko bidiyonsa ko labarinsa da sunansa a TikTok ko Facebook ko zauren WhatsApp na 'yan unguwa. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 1 da tarar da ta kai riyal 500,000 a kan ɓata suna ta waya. Mai gaskiya sai ta wayi gari ita ce ake tuhuma. Ki ja kunnen ƙawaye da 'yan'uwa masu son taya ki faɗa.

Kafin ranar fita, zaman gidan kansa yana bukatar dabara. Idan kika ga ransa ya fara ɓaci, ki janye daga kicin, inda wuƙa da tukunyar gas da tafasasshen mai suke, kada kuma ki gudu banɗaki, ƙofa ɗaya gare shi ga tayil mai santsi. Ki matsa kusa da ƙofar fita. Ki cire mayafi ko sarƙa ko igiyar hijabi daga wuyanki. Ki sa mukulli na biyu da abaya da kuɗin tasi inda hannu zai kai cikin duhu. Babbar 'yarki ki koya mata abu biyu kawai: kada ta taɓa shiga tsakani, kuma ta ja ƙanenta zuwa ƙofar maƙwabta ta ce a kira 911. Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya tarwatsa unguwanni irin su Sabil da Karantina da Gulail, ya raba mata da yawa da waɗanda za su ji ihunsu su shigo. Maƙwabciya ɗaya ta ishe ki, ko Bayamaniya ce ko 'yar Sudan. Ku yi wata kalma a tsakaninku wadda in kin turo ta, ta san ma'anarta a kira 'yan sanda.

Kada ki gaya masa za ki tafi, kada ki yi masa barazana da tafiya. Lokacin rabuwa da 'yan watannin da ke biye da shi su ne mafi haɗari ga macen da ake duka, domin a nan yake ganin iko yana kuɓuce masa. Ki fita yana wurin aiki, da yaranki duka uku, ki kashe alamar nuna wuri a wayarki. Gidan da ya sani shi zai fara zuwa, don haka idan babu inda bai sani ba, masaukin hukuma ya fi, duk da cewa zama ne mai ƙa'idojin shiga da fita. Kuma ki tabbata rahotonki ya riga fitarki ko ya zo rana ɗaya da ita. Dalili kuwa shi ne dokar iyali ta ce matar da ta bar gidan miji ba da uzurin shari'a ba, ciyarwarta ta faɗi. Shi zai ce kin yi yaji ne kin gudu da 'ya'yansa. Lambar rahoto da takardar likita su ne uzurinki a rubuce.

Cewa zai riƙe yara, ba shi ne mai yanke wannan ba. Dokar iyali ta 2022 ta ce idan ma'aurata suka rabu, uwa ce ta farko a haƙƙin riƙon yara, sannan uba, sannan kakar wajen uwa, sannan kakar wajen uba, kotu kuma tana duba maslahar yaro. Ta faɗa a sarari cewa barin uwa gidan miji saboda saɓani ba ya zubar da wannan haƙƙi. Yaro sai ya kai shekara 15 yake zaɓar wurin wanda zai zauna. Idan ya ƙwace su, akwai ƙarar gaggawa ta a miƙa yaro ga mai riƙonsa, balle mai shan nono. Ana shigar da ƙara ta shafin Najiz zuwa kotun iyali, mahkamatul ahwalis shakhsiyya, kuma shari'o'in wannan kotu ba a biyan kuɗin shigar da su. Wanda ba ya jin Larabci kotu tana sa masa tafinta. Ki nemi alƙali ya yanka ciyarwa ta wucin gadi tun shari'a tana gudana.

Wajen rabuwa a kula da bambancin hanyoyi biyu, domin a nan ake cutar mata da dama. Khul'i fansar kai ne, mace ta mayar da sadaki ko abin da aka daidaita. Faskhu saboda cutarwa kuwa kotu ce take raba auren idan cutarwar ta tabbata. Ke da kike da rahoton likita da na 1919, faskhu za ki nema, kada gaggawar son rabuwa ta sa ki biya kuɗi a kan abin da aka zalunce ki. Idan hujja ba ta isa ba, kotu takan sa masu sulhu biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, a ba su wa'adin da bai wuce kwana 60 ba, kuma ko sun ga a rabu da fansa, ba ta wuce sadaki. Idan ya ce zai sake ki da sharaɗin ki bar masa yara ko ki yafe ciyarwarsu, doka ta hana wannan ya zama fansar khul'i. Galibin shari'o'in iyali ana fara tura su zaman sulhu ta dandalin Taradi. Takardar sulhun da kuka amince da ita a can ƙarfin hukuncin kotu gare ta, saboda haka kada ki danna amincewa a waya sai kin fahimci kowane layi. Ba dole ba ne ki yarda da sulhu. Idan ba a daidaita ba, fayil yana wucewa gaban alƙali.

Maganar bizar fita ita ce wurin da barazanarsa take da haƙori, kuma ba za mu rage mata nauyi ba. Mai gida yana iya buga wa waɗanda ke ƙarƙashinsa bizar fita ta dindindin a Absher, wa'adinta kwana 60. Yana kuma iya ƙin sabunta igamar, musamman da yake galibin masu igamar aiki suna biyan riyal 400 duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsu tun Yulin 2020. Hukuncin riƙon yara shi kaɗai ba ya ba ki igama. Matar da mijinta ɗan Saudiyya ne kuma 'ya'yanta 'yan ƙasa, idan auren yana da rajista, tana da damar zama ba tare da kafili, wato wanda igamarta take ƙarƙashinsa, ba, amma wannan bai shafe ki ba tun da fasfon Najeriya gare shi. Don haka ki faɗi wannan barazana tun ranar farko, ga sashen kariya, ga alƙali, ga kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam, wadda take da reshe a Jidda, lambarta 19922. Ki riƙa duba Absher ɗinki. Ki yi wakala, wato takardar wakilci, ta Najiz ga lauya ko amintaccen mutum tun kina ƙasar, domin ko an tilasta miki fita shari'a ta ci gaba. Idan niyyarki komawa Kano da yara ce, a sa wannan cikin ƙarar tun farko, domin mai riƙon yaro ba ya fita da shi ƙasar waje fiye da kwana 90 a shekara sai da yardar ɗaya mahaifin, in ya ƙi sai kotu. Idan kuma zama kike so, hanyar da ta rage ita ce samun aikin da zai ɗauki igamarki. Waɗannan tambayoyi ne na lauya, kuma zama ɗaya da lauyan iyali kafin ki shigar da ƙara ya fi zama goma bayan an yi kuskure a rubutun farko.

Ga 'yan'uwa mata masu karatu da ba su da igama kwata-kwata, mun san kiran hukuma a wurinku yana iya ƙarewa a Shumaisi, cibiyar tsare baƙi marasa takarda, da tarhil, wato kora zuwa gida, kuma da wannan ake rufe muku baki. Ku fara da ofishin jakadancin ƙasarku, Najeriya da Nijar duk suna da shi a Jidda, ku adana duk wata takardar asibiti da ke nuna ku ne kuka haifi 'ya'yanku. Amma ranar da hannu ya kai wuya ko aka zaro wuƙa, ku kira 911. Wadda aka mayar gida da ranta tana iya neman 'ya'yanta.

Haƙurin da ake ta ba ki kuwa, ba mu raina shi ba, kuma ba mu ce manyan da suka zauna mugunta suka nufa ba. Amma addinin da suke jingina da shi bai ce haka ba. Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 229, ko dai riƙo da alheri ko saki da kyautatawa, a aya ta 231 kuma Ya hana a riƙe mata don a cutar da su. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ruwaito, kamar yadda yake a Sahihu Muslim, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. A mazhabar Malikiyya da aka rene mu a kai, Mukhtasar Khalil da ake karantawa a zaurukan Kano ya ba mace damar a raba aurenta saboda cutarwa bayyananna, ko da shaidu ba su tabbatar da cewa an maimaita ta ba. Mace da ta kai ƙarar mai shaƙe ta gaban alƙali ba ta saɓa wa Allah ba, ba ta kuma tona asirin kowa ba.

Mahaifiyarki, muna kyautata zaton ba ta san girman abin ba. 'Ya'ya mata sukan sassauta labari don kada hankalin uwa ya tashi, a ce "mun ɗan samu saɓani", ita kuma ta ba da amsar da ta dace da saɓani. Ki kira ta lokacin da ba ya nan, ki faɗa mata da kalmomin da kika rubuto mana: ya shaƙe ni har na daina gani, kwana uku ba na magana, a gaban jikokinki. Ki faɗa wa mahaifinki ko yayanki ko kawun da ya ba da aurenki haka nan. Idan manya za su sake zama, kada ki zauna a gidan da yake, kuma abu na farko da za ki nema shi ne dattijo ɗaya ya karɓo fasfo da igama ya damƙa miki a gaban kowa. Yadda zai amsa wannan bukata zai nuna wa manyan abin da ke kin daɗe da sani.

'Yarki mai shekara takwas ta ga abin da ya isa. Yaron da ke ganin ana dukan uwarsa yakan koma fitsarin kwance, ko firgita cikin barci, ko ciwon ciki da ba a gano dalilinsa ba, ko karatu ya ja baya, ko ya fara dukan ƙannensa. Ki gaya mata a fili cewa ba laifinta ba ne, kuma ba aikinta ba ne ta kare ki. Akwai layin taimakon yara, 116111, na shirin kare iyali na ƙasa da aka kafa a 2005, iyaye ma suna kira su nemi shawara. Idan ya taɓa kai hannu jikin yaran, ki faɗa a rahotonki, domin yana canja yadda za a ɗauki fayil ɗin da kuma hukuncin ziyara daga baya.

Idan za ki sake rubuto mana, ki yi da sabon layin, kuma wannan shafin ma ki goge shi daga tarihin wayarki bayan kin kwafe lambobin a takarda.